Tutar Wanda Ya Haifa ko ta Wanda Ya Raina: Dokar Wakiltar Ƙasa a Darar Ces

A watan Maris na 2019 wani yaro ɗan shekara takwas, Tanitoluwa Adewumi, ya lashe gasar darar ces ta ƙananan 'yan firamare ta jihar Niyok a Amurka, alhali shi da iyayensa suna kwana a gidan da aka tanada don marasa matsuguni. A Najeriya aka haife shi a 2010, iyayensa kuma sun bar ƙasar a 2017 suna cewa tsoron Boko Haram ne ya kore su. Jaridun Legas da Abuja sun yi ta yayata labarin da alfahari, ana cewa ɗanmu ya fitar da mu kunya. Amma duk wanda ya buɗe rajistar hukumar dara ta duniya, FIDE, tutar Amurka zai tarar a gefen sunan yaron, kuma babu dokar da aka keta. Ba a ba iyalin mafaka a hukumance ba sai a ƙarshen 2022, balle a yi zancen fasfo. Abin da ya ishe shi shi ne a can yake zaune, a makarantar gwamnati ta can aka koya masa wasan, hukumar dara ta can ce kuma ta fara rubuta sunansa. Mutane da yawa a nan suna kallon wannan a matsayin ƙwace. Ni kuwa ina ganin dokar da ta ba da wannan dama ta fi kusa da adalci fiye da wadda muke bi a gida, duk da tana da ɓaraka biyu da ya kamata a toshe, kuma garin Bauchi yana da dalilin duba ta da kyau ko da bai taɓa tura ɗan wasa gasar duniya ba.

Dokar kanta ba ta da wuyar fahimta. An kafa FIDE a birnin Faris a 1924, yanzu hedkwatarta na Lausanne a Suwizalan, kuma tana da hukumomin ƙasashe kusan 200. Kowane ɗan wasa da ke son a riƙa lissafa masa maki a duniya yana samun lambar rajista ta hannun ɗaya daga cikin waɗannan hukumomi, kuma hukuma tana iya yi wa mutum rajista idan ɗan ƙasar ne ko kuwa mazaunin ƙasar ne. Wannan "ko kuwa" ita ce ta bambanta dara da wasanni da yawa. Idan daga baya mutum ya so sauya sheƙa, sabuwar hukumar za ta sanar da FIDE, a ba tsohuwar hukumar damar yin magana, sannan a gindaya masa lokacin jira wanda kan kai shekara biyu kafin ya wakilci sabuwar ƙasa a gasannin FIDE. Wanda ba ya son jira yana iya biyan kuɗi a rage masa. Akwai kuma diyya da ake biyan hukumar da aka bari, gwargwadon ƙarfin ɗan wasan, wadda ke kaiwa Yuro 50,000 ga wanda makinsa ya kai 2700, sai dai idan tsohuwar hukumar ta yafe. Wanda kuma ya rabu da ƙasarsa bai samu wata ba, yana iya wasa ƙarƙashin tutar FIDE ita kanta. An sha yi wa ƙananan sharuɗɗan kwaskwarima cikin shekaru, amma ginshiƙin bai motsa ba. A ƙwallon ƙafa kuwa FIFA ba ta sauraron kowa sai mai takardar zama ɗan ƙasa, haka ma dokar gasar Olamfik, wadda ta ƙara da jiran shekara uku ga mai sauya ƙasa.

Me ya sa dara ta sassauta inda wasu suka tsaurara? Tarihinta ne ya tilasta mata. Ana tsakiyar babbar gasar ƙasashe ta 1939 a Buenos Aires Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Miguel Najdorf, Bayahuden Folan da ya je wakiltar ƙasarsa, bai koma ba, danginsa kuma suka halaka a hannun 'yan Nazi. A Ajantina ya yi sauran rayuwarsa, ita ya wakilta shekaru da yawa. Viktor Korchnoi ya tsere daga Tarayyar Sobiyet a 1976 lokacin da ya je gasa a Holan, kuma da ya zauna gaban Anatoly Karpov a 1978 don neman kambin duniya, ba shi da ƙasa, ba shi da tuta. Alireza Firouzja ya bar hukumar Iran a Disambar 2019 yana ɗan shekara 16, saboda ana hana 'yan wasan ƙasar karawa da 'yan Isra'ila, abin da ke nufin a ba abokin karawa nasara ba tare da an taɓa allo ba. A wannan watan ya zo na biyu a gasar duniya ta wasan gaggawa a Mosko ƙarƙashin tutar FIDE, sai a 2021 Faransa ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Ko mutum ya yarda da manufar Iran ko bai yarda ba, ba yaron ne ya tsara ta ba. Da a ce fasfo ne kaɗai ke ba da izinin zama a gaban allo, da kowace gwamnati ta samu ikon kashe sana'ar duk ɗan wasan da ya saɓa mata, ta hanyar riƙe littafi guda. Kuma ita FIDE ba ta taɓa ɗaukar "ƙasa" da ma'anar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ɗauka ba: Ingila da Sukotlan da Wels kowacce tana da tawagarta ko da yake fasfonsu ɗaya, haka ma Hong Kong da tsibiran Faro.

Wani lokacin ma ba mutum ne ke barin ƙasa ba, ƙasar ce ke tashi daga ƙarƙashinsa. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, a gasar ƙasashe ta Manila a 1992 Rasha ta zo ta ɗaya, Uzbekistan ta biyu, Armeniya ta uku, dukansu 'yan ƙasa guda ne shekara guda kafin nan. Mutumin Bauchi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Jihar Bauchi ba ta wanzu ba sai a 1976 da aka yanke ta daga Jihar Arewa Maso Gabas, kuma a 1996 aka yanke Gombe daga cikinta, mutanen da suka kwana 'yan jiha suka wayi gari baƙi a ma'aikatun da suka yi shekaru suna aiki. Idan aka koma baya, Malam Yakubu da ya kafa birnin Bauchi a farkon ƙarni na 19 daga ƙabilar Gerawa ya fito, ba Bafulatani ba ne kamar mafi yawan waɗanda suka karɓi tuta daga Shehu Usman Ɗanfodiyo. Almajirancin da ya yi a gaban Shehu ne ya ba shi tutar. Garin da aka kafa a kan wannan bai kamata ya ga baƙon abu a dokar da ta ce wanda ya raina yana da haƙƙi ba.

Suka mafi nauyi a kan dokar ita ce ta kuɗi, kuma masu yin ta suna da hujja. A 2008 attajirin Amurka Rex Sinquefield ya buɗe kulob ɗin dara a Saint Louis, ya zuba masa dukiya har garin ya zama matattarar manyan 'yan wasa. Wesley So ya bar Filifin ya koma Amurka a 2014, shekara bakwai kafin ya zama ɗan ƙasa. Fabiano Caruana, wanda aka haifa a Miami amma ya wakilci Italiya tun 2005, ya dawo a 2015. A 2016 Amurka ta ci zinari a gasar ƙasashe ta Baku, karo na farko tun 1976, har zakaran duniya na lokacin, Magnus Carlsen, ya yi ba'a a Twitter yana tambaya ko har yanzu So da Caruana na kasuwa don ƙasarsa ta taya. Leinier Domínguez ya biyo baya daga Kuba a 2018, Levon Aronian daga Armeniya a 2021. A Turai kuma Richard Rapport ya bar Hungari ya koma Romaniya a 2022 da tallafin wani ɗan kasuwa, ya sake komawa gida a 2024 daidai lokacin da Budapest za ta karɓi baƙuncin gasar ƙasashe. Mai suka zai ce: ina amfanin tuta idan ana iya sauya ta sau biyu cikin shekara biyu? Ina ma'anar a ce ƙasa ta ci gasa idan aljihun mutum ɗaya ne ya haɗa tawagar?

Amsa ta farko ita ce allo bai san farashin kowa ba. A gasar Chennai ta 2022 Amurka ta zo da Caruana da Aronian da So da Domínguez, tawagar da ta fi kowace maki a takarda, ta ƙare a ta biyar. Matasan Uzbekistan ne suka ɗauki zinari, Nodirbek Abdusattorov mai shekara 17 yana kan allo na farko. Armeniya, wadda aka yi zaton ta mutu da tafiyar Aronian, ita ta zo ta biyu, tawagar Indiya ta biyu mai cike da samari ta zo ta uku. A Budapest a 2024 Indiya ta haɗa zinarin maza da na mata da 'ya'yan da ta koyar a makarantunta da kulob-kulob ɗinta. Sayen gwanaye na iya ba ƙasa kofi guda, amma shekarun baya-bayan nan sun nuna masu renon nasu ne ke gaba. Amsa ta biyu ita ce ba kowace tafiya ce ciniki ba. Caruana a unguwar Brooklyn ya koyi wasan yana ƙarami, don haka idan ana maganar reno Italiya ce ta ara, Amurka ta karɓi kayanta. So kuwa karatu ya kai shi jami'a a Amurka, ya zauna, ya yi gida. Wanda ya yi shekara goma yana biyan haraji a gari yana da abin da zai nuna.

Duk da haka ba na wanke dokar baki ɗaya, domin a nan ne ɓaraka ta farko take. Lokacin jira shi ne shaidar cewa mutum ya koma da gaske. Da aka ba da damar a biya kuɗi a tsallake shi, sai aka mayar da shaida abin sayarwa, kuma hukumar da ke da attajiri a bayanta ce kaɗai za ta iya saya. An ga wani nau'in gaggawar bayan Rasha ta afka wa Yukiren a 2022. FIDE ta dakatar da tawagogin Rasha da Belarus, hukumar Rasha ta fice daga ƙungiyar Turai ta koma ta Asiya a 2023, aka kuma sassauta wa 'yan wasanta masu son zama a Turai. Alexandra Kosteniuk ta koma Suwizalan, Nikita Vitiugov Ingila, Alexey Sarana da Alexandr Predke kuma Sabiya. Kafin 2023 ta ƙare Sabiya ta lashe gasar ƙasashen Turai da waɗannan biyun a tawagarta. Babu mai hankalin da zai ce a hana mutumin da yaƙi ya raba da gida neman abincinsa. Sai dai akwai tazara tsakanin barinsa ya shiga gasa da sunan kansa da sa shi cikin 'yan wasa biyar da ke wakiltar ƙasar da bai daɗe da sauka cikinta ba, domin kujerar da ya hau ta wani ce da ya girma a can. Hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta fuskanci irin wannan, ta dakatar da sauyin ƙasa gaba ɗaya a 2017, ta dawo a 2018 da sharuɗɗa: jiran shekara uku, sauyi sau ɗaya a rayuwa, kuma ba kafin shekara 20 ba. Dara ba ta bukatar ta kwaikwayi duka, musamman sharaɗin shekaru wanda zai cuci yaran 'yan gudun hijira, amma jiran da kuɗi ba ya gogewa abin ɗauka ne.

Kuma wannan jiran Afirka ya fi karewa, abin da ba a cika lura da shi ba. FIDE tana raba kujerun Gasar Kofin Duniya bisa nahiyoyi da shiyyoyi, tana kuma ba da wasu muƙamai kai tsaye ga wanda ya lashe gasar nahiya. Ta haka Kenny Solomon na Afirka ta Kudu ya samu muƙamin Babban Gwani, mafi girma a wasan, bayan ya ci gasar Afirka a Namibiya a Disambar 2014. Ɗan wasan da a Rasha ko Jamus ba zai shiga cikin hamsin na farko ba, a Afirka ta Yamma yana iya zama zakara. Idan babu shinge, babu abin da zai hana irinsa ya nemi wata ƙaramar hukuma mai neman suna ta ba shi tuta, ya zo ya kwashe kujerar da aka ware don 'yan nahiyar, ya koma inda ya fito.

Suka ta biyu ta fi taɓa zuciya: ƙasashe matalauta su ne kullum ke asara. Hichem Hamdouchi, Babban Gwanin Maroko, ya koma wakiltar Faransa a 2009. A guje-guje Najeriya ta ga Francis Obikwelu ya ci wa Fotugal azurfa a tseren mita 100 a Atina a 2004, ta ga Glory Alozie ta koma Sifaniya bayan ta ci wa Najeriya azurfa a Sidni a 2000, ta ga Salwa Eid Naser, haifaffiyar jihar Anambra, ta zama zakarar duniya a mita 400 a 2019 da rigar Baharen. Ciwon gaskiya ne. Amma a duba labarin Annette Echikunwoke, mai jifan guduma. A Amurka aka haife ta, ita ta zaɓi Najeriya, ta isa Tokyo a 2021, sai aka hana ta wasa tare da wasu 'yan Najeriya tara saboda ba a cika musu ƙa'idar gwajin ƙwayoyi ba kafin gasa. Ta koma tutar Amurka ta ci azurfa a Faris a 2024. Wace doka ce za ta yi adalci idan ta ɗaure irin wannan mace ga hukumar da ta kasa yi mata aikin takarda? Ƙofar da ke buɗe ita ce kaɗai abin da ke tsorata jami'in da ba ya tsoron kowa. Sannan ƙofar nan ba fita kawai ake yi ta cikinta ba. Ademola Lookman a Landan aka haife shi, ya ci wa Ingila kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2017, ya koma Najeriya a 2022, ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 2024, kuma ban ji an yi zanga-zanga a gidajen kallon ƙwallo na unguwannin Wunti ko Yelwa a Bauchi don tausayin Ingila ba. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka haifa a waje haƙƙin zama ɗan ƙasa ta hanyar mahaifi ko mahaifiya, sashe na 28 kuma ya bar ɗan ƙasa na haihuwa ya riƙe fasfo biyu. Saboda haka duk yaron Najeriya da ke tasowa a dara a Ingila ko Amurka yana da hanyar dawowa, idan akwai abin da zai dawo ya tarar.

Ɓaraka ta biyu tana cikin diyyar. Ana auna ta da makin da ɗan wasa ke da shi ranar da ya tafi, tana raguwa yadda maki ke raguwa har ta zama ba a bakin komai ba. Ma'ana, Hungari da Armeniya na iya samun kuɗi mai kauri idan gwaninsu ya tafi, amma ƙasar da yaranta ke tafiya tun kafin su yi suna ba ta samun ko sisi. Kuma ko an biya, asusun hukumar ƙasa kuɗin ke shiga, ba hannun malamin makarantar da ya sayi allo da albashinsa ba. A nan ƙwallon ƙafa ta fi dara tunani, domin FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe don kulob-kulob ɗin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Idan dara ta yarda cewa reno ne tushen haƙƙi, to ta bi maganarta har ƙarshe, ta kai wani kaso ga wanda ya yi renon. Hukumomin Afirka suna da ƙuri'u masu yawa a babban taron FIDE, inda ƙuri'ar Najeriya daidai take da ta Rasha, kuma masu neman shugabanci sun san hanyar gidajensu duk lokacin zaɓe. Wannan ce buƙatar da ta cancanci a ɗora a tebur.

Sai dai kafin a yi kukan an ɗauke mana yara, a tambaya yara nawa muka rubuta. Najeriya ba baƙuwa ba ce a wasan. Odion Aikhoje ya ci lambar zinari ta allo na biyu a gasar ƙasashe ta Elista a 1998. A Abuja aka fara sa dara cikin wasannin Afirka a 2003. Tunde Onakoya ya kafa shirin koyar da yaran unguwannin talakawa a Legas a 2018, duniya kuma ta kalle shi a 2024 yana wasa awa 60 a dandalin Times Square. Amma har zuwa 2024 ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ba ta fitar da Babban Gwani ko ɗaya ba, alhali Zambiya ta samu Amon Simutowe, Masar kuma tana da Bassem Amin da ya haye maki 2700. Dalilin yana cikin yadda ake hawa matakan. Kafin sunan mutum ya fito da maki, sai ya buga aƙalla wasa biyar da waɗanda suka riga suka samu maki, a gasar da aka yi wa rajista da FIDE. Muƙamin Babban Gwani yana bukatar maki 2500 da sakamako mai ƙarfi a gasanni uku, kuma dole cikin abokan karawa a samu 'yan wasu ƙasashe. Mafi yawan irin waɗannan gasanni a Najeriya a Legas da Abuja da garuruwan kudu ake yin su. Daga Bauchi zuwa Legas ya haura kilomita 1,000. Ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji yana iya buga dubban wasanni a wayarsa a Lichess ko Chess.com, ya liƙa tutar Najeriya a gefen sunansa, amma a littafin FIDE babu shi. Ranar da ya samu tallafin karatu ya tafi waje ya shiga gasarsa ta farko a can, ba sauya sheƙa ma zai yi ba, domin ba a taɓa rubuta shi a gida ba. Akwai kuma batun saɓanin malamai a kan halaccin wasan, inda Malikiyya suka tsaurara, Shafi'iyya kuma suka sassauta idan babu caca kuma bai shagaltar daga salla ba. Wannan muhawara ce mai zaman kanta da ke da nata gwanaye, sai dai ba ta hana Masar da Uzbekistan zama inda suke ba.

A nan ne maganar ta dawo gida sosai. Dokar da muke bi tsakanin jihohi ta fi ta FIDE tsauri, kuma ba ta da ƙofar fita. Tallafin karatu na jiha, aikin gwamnatin jiha, gurbin makaranta da aka ware, kusan duka suna tafiya ne da takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, wadda ke tambayar inda kakan mutum ya fito, ba inda shi ya girma ba. Bauchi ta karɓi dubban iyalai da rikice-rikicen Jos na 2001 da 2008 da 2010 suka kora, ta karɓi waɗanda Boko Haram ta taso daga Barno da Yobe, ga 'yan kasuwar kudu da 'ya'yansu ba su san wani gari ba sai nan. Yaron da aka haifa a cikinsu, ya yi firamare a nan, Hausar Bauchi ce a bakinsa, a takarda har gobe baƙo ne. Wasanni a Najeriya kuwa a hannun hukumomin wasanni na jihohi suke: su ke ɗaukar 'yan wasa aiki, su ke biyan kuɗin mota da masauki zuwa gasa. Bikin wasanni na ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973 don ɗinke ɓarakar yaƙin basasa, kuma Bauchi ta karɓi baƙuncinsa a 2000, ya daɗe yana fama da ƙorafin cewa jihohi masu kuɗi suna haya 'yan wasan wasu jihohi su kwashe lambobi. Sai muka haɗa cuta biyu: gwanin da ya riga ya yi suna ana iya saye shi daga ko'ina ana gobe gasa, yaron da ya tashi a gari kuma ana tambayarsa takardar kakansa kafin a saya masa tikitin mota.

Za a ce kuɗin jiha kaɗan ne, 'yan asalin jihar ma ba su samu ba, kuma idan ɗan Bauchi ya je wata jiha ba za a yi masa wannan karamcin ba. Duka gaskiya ne, kuma a rabon muƙaman siyasa tsarin mulki da kansa ya ambaci asalin jiha, ba wannan nake neman a rushe a nan ba. Amma wakilci a wasa ba rabon gado ba ne. Jiha tana tura ɗan wasa ne don ya nuna abin da makarantunta da masu horarwarta suka iya, kuma lambar da ya ciyo ta jihar ce ko daga ina kakansa ya zo. Cewa wasu jihohi na nuna wariya ba hujja ba ce, dama ce: jihar da ta fara cewa duk yaron da ya yi shekaru kaza a makarantunta nata ne, ta samu yaran da kowa ya yi watsi da su, ba tare da ta sayi kowa ba. Sharaɗin zama shi ne kuma maganin hayar 'yan wasa, domin rajistar makaranta ta shekara uku ko biyar ta fi takardar asali wuyar ƙirƙira, kamar yadda duk wanda ya san yadda ake samun wannan takarda a sakatariyar ƙaramar hukuma zai shaida.

Dara ce wasan da ya fi sauƙin gwada wannan, saboda ba ta bukatar fili ko takalmi ko fitilun filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Gasar da FIDE za ta lissafa tana bukatar zaure, da alluna da agogon wasa, da alƙalin wasa mai lasisi, da a yi mata rajista ta hannun Hukumar Dara ta Najeriya kafin ranar farawa, sai kuma 'yan wasa kaɗan masu maki da za a gayyato daga Jos ko Kaduna ko Abuja don sababbi su samu waɗanda za a auna su da su. Idan aka yi haka sau biyu ko uku a shekara, aka buɗe ta ga duk ɗalibin da ke karatu a jihar ba tare da tambayar ƙaramar hukumarsa ba, cikin shekara biyu za a samu jerin sunayen yaran Bauchi masu lamba da maki ƙarƙashin tutar Najeriya. Daga ranar ne duk ƙasar da ta so ɗaya daga cikinsu za ta zama dole ta rubuto wa FIDE, a sanar da Abuja, a yi maganar jira da diyya.